Ƙarin Wasan The Witcher 3: Wanne Zan Fara, Kuma Yaushe Zan Shiga?

"Assalamu alaikum Malam. Wata uku ke nan ina buga The Witcher 3 a kwamfutata, a Steam na saye shi. Yanzu ina tsibiran Skellige, Geralt ɗina yana mataki na 22. Kullum na buɗe wasan sai in ga sunan Hearts of Stone da Blood and Wine. Shin waɗannan ba irin DLC ɗin nan (ƙananan kayan wasa da ake saukewa) ba ne na riga da sulken doki da ake cin kuɗin mutane da su? Idan sun cancanci saye, wanne zan fara, kuma in shiga yanzu ne ko sai na gama babban labarin? Ƙanena ma yana da faifan wasan na hannu a PS4, yana tambaya ko shi ma zai iya sayensu."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, na fahimci damuwarka, domin duk wanda ya taɓa fitar da kuɗinsa ya sayi ƙarin wasa, ya buɗe ya tarar da riga ɗaya da takobi ɗaya, dole ya riƙa taka-tsantsan daga ranar. Abin da kake son sani shi ne ko waɗannan biyun sun fita daban, sannan idan sun fita daban, ta wace ƙofa ake shigarsu ba tare da an ɓata babban labarin ba. Amsata a taƙaice ita ce sun cancanci kuɗinsu, amma ba yanzu za ka shiga ba. Ka ci gaba da neman Ciri, 'yar riƙon Geralt jarumin wasan, har Geralt ya kai mataki na 30 ko ya ɗan haura, sai ka yi Hearts of Stone kafin ka rufe babban labarin, ka koma ka gama babban labarin, sannan ka sauka ƙasar Toussaint ka yi Blood and Wine a ƙarshe. Zan shimfiɗa maka dalilan, domin ko da za ka saɓa wa wannan tsari, ka saɓa masa da sani.

Bambancin ƙarin wasa da ƙananan DLC

A zamanin da sai a faifai ake sayar da wasa, kamfani ba zai buga faifai, ya yi kwali, ya yi jigilarsa zuwa shaguna saboda riga ɗaya ba. Tilas abin da ke ciki ya yi nauyin da zai biya wahalar. Shi ya sa ƙarin wasa na wancan lokaci yake zuwa da sabuwar ƙasa da sabon labari. Tales of the Sword Coast da aka yi wa Baldur's Gate a 1999 haka yake, Lord of Destruction da Blizzard ta yi wa Diablo II a 2001 ya ƙara babi na biyar da sababbin jarumai biyu, Bloodmoon kuwa da Bethesda ta yi wa Morrowind a 2003 tsibiri guda ya kawo mai suna Solstheim. Da intanet ta yi ƙarfi, sauke kaya ya zama da sauƙi, sai aka fara yanka abu ƙanana ana sayarwa. Sulken dokin da ka ambata a gaske ya faru: a 2006 aka sayar da sulken doki na wasan Oblivion a kan dala 2.50, masu wasa suka yi ta ƙorafi, har yau kuma da shi ake buga misali.

Kamfanin CD Projekt Red na birnin Warsaw a ƙasar Poland, wanda ya fitar da The Witcher 3 a ranar 19 ga Mayu, 2015, ya raba abubuwan gida biyu. Ƙananan kaya guda 16, irin su sababbin tufafi, aski da gyaran gemu, sulken Roach dokin Geralt da wasu gajerun ayyuka, kyauta ya ba da su. Waɗanda ya sa wa farashi su ne biyun da kake gani. Hearts of Stone ya fito ranar 13 ga Oktoba, 2015 a kan dala 9.99, Blood and Wine kuma ranar 31 ga Mayu, 2016 a kan dala 19.99. Na farkon yakan ci awa 10 zuwa sama, na biyun ya haura awa 20, ga mai bin lungu da saƙo kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Ya ishe ka shaida cewa a bikin The Game Awards na 2016, Blood and Wine ne ya ci kambun wasan da ya fi kowanne a ajinsa, alhali cikakkun wasanni ne suka yi takara da shi.

Hearts of Stone: ƙaramin fili, babban labari

Wannan bai ba ka sabuwar ƙasa ba. Ya faɗaɗa taswirar da ka sani ne ta arewa maso gabashin Novigrad da kewayen Oxenfurt, ya zuba ƙauyuka da gidajen gona da wani tsohon gidan attajirai da ya zama kufai. Wanda ya auna ƙarin wasa da faɗin ƙasa zai raina shi, kuma zai yi kuskure, domin a ra'ayina babu wani labari a duk wasan da ya kai shi tsari.

Yana farawa da takardar neman mafarauci a allon sanarwa na masaukin Seven Cats. Wani mai suna Olgierd von Everec, ɗan babban gida da ya koma shugaban 'yan ta-kife, yana son a kashe masa wani dodo a magudanar ruwan Oxenfurt. Daga wannan aiki Geralt ya faɗa cikin bashin wani mutum mai suna Gaunter O'Dimm, wanda ya yi masa tambari a fuska, ya ce ba zai goge ba sai ya cika wa Olgierd buƙatu uku. Idan ka tuna farkon wasan, a masaukin White Orchard, akwai wani mai sayar da madubai da ya zauna da kai ya gaya maka inda Yennefer, masoyiyar Geralt, ta nufa. To shi ne. Tun a awa ta farko aka dasa shi, ba wanda ya kula.

Tushen labarin tsohuwar tatsuniyar mutanen Poland ce ta Pan Twardowski, mutumin da ya sayar wa Shaiɗan ransa bisa sharaɗin da ya zaci ba zai taɓa cika ba. Bahaushe ba baƙo ba ne ga labarin wanda ya ƙulla alkawari da aljani don neman duniya, daga baya aka zo karɓar bashi, saboda haka za ka gane inda aka dosa tun kafin a faɗa. Abin da ya sa na fifita shi shi ne kowace buƙata cikin ukun launinta daban. Ta farko biki ce a ƙauye, inda fatalwar ƙanen Olgierd, Vlodimir, take shiga jikin Geralt don ta more dare ɗaya, sai ka ga mutumin nan mai ɗaure fuska yana rawa yana zuba surutu a gaban likita Shani. Ta biyu fashi ce a gidan gwanjon iyalan Borsodi, kai za ka zaɓi abokan aikinka. Ta uku kuwa, neman furen da Olgierd ya ba matarsa Iris, ita ce ta fi tsaya mini a rai. Za ka shiga cikin zanen da matar ta yi, kana mayar da kayan ɗaki wurarensu ɗaya bayan ɗaya, kofi a hannun wannan, fitila a can, kowane abu ka ajiye daidai sai wani yanki na rayuwar aurensu ya motsa a gabanka, kana kallon yadda miji yake sanyi a hankali har zuciyarsa ta koma dutse. Na buga wurin nan sau uku a shekaru daban-daban, kuma ko sau ɗaya ban iya wuce shi da gaggawa ba.

Akwai kuma wani baƙon maƙeri daga ƙasar Ofier mai sassaƙa kalmomin ƙarfi a jikin takobi da sulke. Kafin ya yi maka cikakken aiki sai ka zuba masa jari sau uku, 5,000 da 10,000 da 15,000 na kuɗin cikin wasan. Ka fara tari tun yanzu da kake Skellige, inda teku take cike da akwatunan kaya, amma kada ka ɗauka dole ne ka biya duka ukun.

Me ya sa ba yanzu ba

Dalilin lissafi ne tsantsa. Aikin farko na Hearts of Stone na mataki na 32 ne, na Blood and Wine kuma na 34. A wasan nan, duk abokin gaban da ya fi ka da mataki 6 ko fiye, za ka ga jan ƙoƙon kai a saman sunansa, kuma ba ado ba ne: saranka yana raguwa a jikinsa, nasa yana ƙaruwa a jikinka. Kai kana 22, tazarar mataki 10 ke nan.

Na san wannan a aikace. Karon farko da na sayi ƙarin, Geralt ɗina yana wajen mataki na 25, ɗoki ya sa na nufi magudanar Oxenfurt kai tsaye. Dodon wani ƙaton kwaɗo ne mai tofa dafi, yana kai duka da harshe daga nesa, yana tsalle ya faɗo a kanka. Na shafe maraice guda ina sara, jininsa ba ya ko motsi, ni kuwa duka biyu ya ishe ni. Da na dawo a mataki na 33, na sha maganin Golden Oriole da ke kare mutum daga dafi, na riƙa ƙona shi da wutar Igni ina kewaya shi, faɗan ya zama mai wuya amma mai adalci. Haka ma mai gadin gidan su Iris, wanda yake yaƙi da shebur, duk bugun da ya same ka da shi jininsa ne yake dawowa. Irin waɗannan an gina su ne don wanda ya riga ya iya kauce wa sara, ya san mai da magungunansa, ba don wanda yake tsakiyar koyo ba.

Akwai kuma illa ta ɗaya gefen, wadda mutane ba su cika lura da ita ba. A ce ka daure ka ci ƙarin biyun da wuri. Za ka dawo babban labarin, wanda ayyukansa na ƙarshe suke wajen mataki na 30, kana ɗauke da makaman da suka fi ƙarfinsa. Ayyukan da ka yi wa nisa sosai suna komawa ruwan toka a jerinka, ladansu ya zama kaɗan, sannan mayaƙan Wild Hunt, manyan abokan gaban labarin, da aka shafe awa hamsin ana tsorata ka da su su riƙa zubewa kamar kara. Akwai zaɓi a cikin saitin wasan da ke ɗaga ƙananan abokan gaba su yi daidai da matakinka, yana rage matsalar, amma ba ya mayar da tsoron da ya riga ya tafi.

Abin da ya sa na ce ka yi Hearts of Stone kafin ka rufe babban labarin kuwa, ƙaramin abu ne mai daɗi. A ɗaya daga cikin ƙarshensa, akwai tambayar da Geralt zai iya yi game da Ciri, kuma ba ta bayyana ga wanda ya riga ya gama. Idan ka ga zaren babban labarin ya ja ka har ba ka son tsayawa, ka gama shi abinka, ba ka yi asarar da za ta dame ka ba. Wanda ban yarda a taɓa ba shi ne matsayin Blood and Wine.

Blood and Wine sallama ce

Wasan yana buɗe maka shi da zarar ka gama aikin ceto Dandelion, abokin Geralt, a Novigrad, saboda haka mai yiwuwa yana cikin jerinka da zarar ka saya. Kada wannan ya ruɗe ka. An rubuta shi ne a matsayin aikin Geralt na ƙarshe.

Toussaint ƙasa ce da yaƙi bai taɓa ba. Bayan laka da gawawwakin da ke rataye a bishiyoyin Velen, sai ka sauka inda rana take haske, gonakin inabi sun rufe tuddai, jarumai sanye da sulke mai ƙyalli suna rantsuwa da mutuncinsu, ga birnin Beauclair da fadarsa a kan dutse. Daga kudancin Faransa da Italiya aka ɗauko kamanninta. Mai mulkinta, Anna Henrietta, ita ta aiko a kira Geralt domin wani abu yana kashe manyan jarumanta ɗaya bayan ɗaya. A nan zai sake haɗuwa da tsohon amininsa Regis, wanda masu karanta littattafan Andrzej Sapkowski, marubucin da ya ƙirƙiri Geralt, suka daɗe da sani. Wannan hasken ba ya yin tasiri sai ga wanda ya sha duhun da ya gabace shi. Wanda ya je Toussaint a tsakiyar wasa, ya dawo Velen, ya juya abin a bai-bai.

Babban dalili shi ne gida. A matsayin lada, an ba Geralt wata tsohuwar gonar inabi mai suna Corvo Bianco, da wakilin gida mai kula da ita. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan doki, yana kwana a masauki da jeji, yau ga shi yana zaɓen gado, yana gyara bargar Roach, yana rataye takubbansa a bango. A ƙarshen labarin wani zai zo ya same shi a gidan, kuma ko wane ne, ya danganta da abin da ka zaɓa a babban labarin, tsakaninka da Yennefer da Triss, matan biyu da Geralt zai iya zaɓa, da kuma abin da ya sami Ciri. Idan ba ka kai ƙarshen wancan ba, ka ci tuwo ne ba miya.

Ga kuma dalilin da ya sa Hearts of Stone yake gaba da shi. A cikin Toussaint za ka shiga wani kango da aka rataye cokula ko'ina, ɗaruruwa, suna kaɗawa a iska. Wata halitta ce a ciki, wadda asalinta mace ce 'yar masu hali. Wani almajiri ya zo ƙofarta neman abinci ta kore shi, shi kuma ya karya cokalinsa ya yi mata baki, cewa ba mai sake zama cin abinci da ita, ba cokalin da zai ƙosar da ita, ba kuma za ta sake son kallon madubi ba. Kana iya kashe ta. Kana kuma iya zama a teburinta ka ci abin da ta dafa, bakin ya karye, ta koma tsohuwa, ka kai ta gidanka ta zauna. Lokacin da Geralt yake ba da labarin almajirin, wani kiɗa yana tashi a ƙasa-ƙasa. Wanda ya yi Hearts of Stone zai ji tsigar jikinsa ta tashi, domin ya san kiɗan wane ne, ya kuma san mai sayar da madubai. Wanda bai yi ba, zai wuce bai ji komai ba.

Ta fuskar faɗa, nan ne aka kawo tsarin sauye-sauyen jiki guda 12, waɗanda ake samu bayan an gano ɗakin binciken Farfesa Moreau, kuma suna buɗe ƙarin gurabe 4 na fasaha. Nan ne ake ƙera sulke mafi daraja, wanda sai a mataki na 40 ake sa shi, nan ne kuma takobin Aerondight yake, wanda ba a ba mutum sai ya nuna halaye biyar: jarumta, mutunci, tausayi, kyauta da hikima. Waɗannan su ne makaman da na ce suna rusa babban labarin idan aka koma da su. Masu son wasan kati na Gwent kuma an ƙara musu rukunin Skellige.

Idan haƙurinka ya gaza, akwai mafita da kamfanin da kansa ya tanada. A wurin fara sabon wasa za ka ga zaɓin buga Hearts of Stone kaɗai ko Blood and Wine kaɗai, a ba ka Geralt da aka riga aka ɗaga matakinsa, da kayan yaƙi daidai gwargwado. Ajiyarka ta Skellige ba za ta taɓu ba. Na fi ba da wannan ga wanda ya taɓa gama wasan ajiyarsa ta ɓace, domin Geralt ɗin da za a ba ka ba naka ba ne, ba shi da tarihin zaɓin da ka yi.

Maganar saye, da batun ƙanenka

Kai naka mai sauƙi ne, da sharaɗi ɗaya: inda ka sayi uwar wasan, nan za ka sayi ƙarin. Na Steam ba ya hawa kan na shagon GOG, na GOG ba ya hawa kan na Steam. Tunda ba yau kake buƙatarsu ba, ka sa su a jerin abin da kake so, ka jira rangwamen da Steam yake yi a tsakiyar shekara da ƙarshenta, domin wasan nan yana yawan samun ragi mai yawa. Kwamfutar da ta ɗauki Novigrad ba tare da tsaiko ba, to za ta ɗauki Beauclair. Idan kuwa sabuntawar da aka yi ranar 14 ga Disamba, 2022 ta yi wa na'urarka nauyi, ka zaɓi DirectX 11 a wurin buɗe wasan maimakon 12. Ka tanadi data da wuri a faifan ajiya, Blood and Wine ba ƙaramin kaya ba ne.

Na ƙanenka ne yake buƙatar natsuwa. A PlayStation, faifan kowane yanki yana buɗewa a kowace na'ura, amma ƙarin da aka saya a shagon intanet sai ya dace da yankin faifan. Da yake shagon PlayStation ba shi da rajistar Najeriya, yawancinmu asusun Amurka ko na Ingila muke buɗewa, faifan hannu kuwa daga ko'ina yake zuwa. Idan faifansa na Turai ne, asusunsa na Amurka, zai biya kuɗi, ƙarin ya sauka, wasan kuma ya ƙi ganinsa. Ya duba bayan kwalin: alamar PEGI ta Turai ce, alamar ESRB ta Amurka ce. Kada kuma ya sayi kwalin Hearts of Stone ko na Blood and Wine na hannu. Babu faifai a cikinsu, lambar saukewa ce da katunan Gwent na takarda, lambar kuwa sau ɗaya take aiki. Ni kaina an taɓa sayar mini da irin wannan kwali a wani shago, na je gida na tarar an riga an yi amfani da lambar.

Hanya mafi aminci gare shi ita ce faifan da ya haɗa komai, wanda ya fito ranar 30 ga Agusta, 2016, ana kiransa Game of the Year Edition a Turai, Complete Edition a Amurka. Sai dai PS4 tana ɗaukarsa wasa ne daban, ba ya ganin ajiyar tsohon faifan. Idan ƙanen naka bai yi nisa ba, ya sauya faifan ya fara daga farko. Idan ya yi nisa, ya daidaita yankin asusunsa da na faifansa ya sayi ƙarin.

Ban san shekarunsa ba, saboda haka wajibi ne in faɗa maka a matsayinka na yaya: wasan nan da ƙarinsa duka na 'yan shekara 18 zuwa sama ne. Akwai zubar da jini, akwai tsiraici a wasu wurare, akwai sihiri, giya kuwa tana cikin sunan ƙari na biyu da rayuwar mutanen Toussaint baki ɗaya. Wasu wuraren ana iya kauce musu ta hanyar zaɓi, wasu ba a iyawa. Wannan hukunci naka ne da gidanku, ba nawa ba.

Iyakar shawarata kuma ita ce, a kwamfuta da PS4 na buga su, mafi yawa a matakin wahala na biyu daga sama, kuma ni mai bin labari ne fiye da mai neman faɗa. Wanda ya ƙware ƙwarai yana iya kayar da kwaɗon nan a ƙasa da matakin da na faɗa, na kuma ga waɗanda suka fi son Blood and Wine nesa da Hearts of Stone saboda faɗinsa. A yanzu dai, kafin ka bar Skellige, ka gama rikicin sarautar 'ya'yan Crach an Craite, ka nemo zanen sulken makarantar mafarauta ta Bear ko ka ɗaga na Cat da Griffin da kake da shi, ka kuma tabbata ka haɗa Golden Oriole yana cikin jakarka kafin ranar da za ka tsaya gaban allon Seven Cats.